Hasken da Ya Ƙi Bin Yatsan Ustaz Rafat

Duk abin da ke ɗakin gwaje-gwajen makarantarmu, daga kwalba har tsintsiya, a wuyan Am Shihata, dattijo mai ajiyar kaya, yake. Haka dokar take. Ranar da aka ba ka makulli ka sa hannu, kaya sun zama amanarka, ranar da za ka bar aiki kuma a duba su ɗaya bayan ɗaya. In an samu ko ɗan tsagewa ne a jikin gilashi, takardar sallamarka ta kwanta a ofis ke nan sai ka biya, fanshonka kuma ya jira. To wane mahaukaci ne zai bar yaran garinmu Beni Suwef su taɓa gilashi? Shi ya sa ni Tahani, da ake ce wa Abla, wato Malama, na tsufa ina koyar da kemistiri da alli kawai, in zana wuta a allo in ce wa yara su yi hattara kada ta ƙone su.

Shi Am Shihata abin ya wuce tsoron biya, ya zame masa ibada. Ba shi da gidan kansa, ba shi da ko keke, 'ya'yansa mata sun yi aure sun watse. Abu ɗaya yake da shi a duniya, kuma ba ya gajiya da faɗarsa ga duk wanda ya tsaya shan shayi a ƙofarsa: “Ko tsinken ashana bai taɓa karyewa a hannuna ba.” A ƙarshen zangon nan zai yi ritaya, kuma burinsa kawai ya miƙa makulli da wannan maganar a bakinsa.

Abin da ya fi ji da shi a cikin kayan nan wata ƙatuwar kwalba ce mai dogon wuya kamar gora, wadda aka kawo kyauta daga Jamus tun kafin in fara aiki. Mu dai Amarya muke ce mata, don kullum a lulluɓe take cikin koren mayafi a can ƙuryar kabad. Duk Alhamis Am Shihata zai fito da ita, ya goge ta da auduga, ya mayar. An ce idan aka haɗa ta da wuta, wani zaren haske yakan fito a cikinta, idan kuma ka kawo maganaɗisu kusa sai zaren ya lanƙwashe. An ce. Babu mai rai a makarantar da ya taɓa gani.

Har da Ustaz Rafat malamin fiziks, wanda duk shekara yake koyar da darasinta. Kada in ɗauki alhakinsa, ba jahili ba ne. Mutum ne dai da tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa yin kuskure ba, in kuma ka ga kamar ya yi, to idonka ne ke buƙatar likita. Da ya shiga aji zai ɗaga hannun hagu, ya ware yatsu uku kamar mai shirin tsikarar idon wani. Manuniya inda ƙarfin maganaɗisu ya dosa, na tsakiya inda wuta ke tafiya, babban yatsa kuma inda za a ture abin. Yara in ya juya baya da yatsu ukun suke gaishe shi. Ya sani, kuma daɗi yake ji, a zatonsa girmamawa ce.

Duk shekara manyanmu na sama kan ce kowace makaranta ta turo hoton darasin gwaji, mu kuma mun iya allonmu. A sa wa yara fararen riguna, a ba su robobi cike da zoɓo, su ɗaure fuska, a ɗauka. Amma a bana Ustaz Rafat ya ji ƙishin-ƙishin cewa akwai kujerar sufeto da ta zama babu kowa, sai ya ce shi ba zai yi zoɓo ba. Bidiyo zai tura, kuma da Amarya.

Ina wurin lokacin da ya je ya faɗa wa Am Shihata. Tsohon nan har ya kai kofin shayi baki ya sauke.

“Ya Ustaz, na haɗa ka da Allah ka bari in miƙa makullin nan tukuna. Saura ƙiris fa. In na tafi ku kunna ta, ku ma dafa wake a cikinta in kun ga dama.”

“Am Shihata, kayan kimiyya ne ko gadon kakarka?”

“Ai da gadon kakata ne da na ba ka kyauta, ɗana. Na gwamnati ne, kuma sunana ne a kai.”

“To gwamnatin ce ta ce a kunna.”

“Gwamnati ta ce a kunna, amma in ta fashe gwamnati ba ta san zancen ba, Shihata ta sani.”

Hedimastanmu Ustaz Bayyumi mutum ne da ba ya son rigima, sai dai yana son sunan makarantarsa ya je kunnen na sama. Ya yanke hukunci irin wanda ya saba, a kafa kwamiti. Shi, da Ustaz Rafat, da ni a matsayin shaida, don an san ba na shiri da kowa, ke nan ba za a ce na yi son kai ba.

Ranar da aka sa, da hantsi, aka cusa 'yan ajin ƙarshe cikin ɗakin da ba su taɓa shiga ba sai don ɗaukar hoto. Aka ja labule. Malamin zane ya hau kujera da wayarsa. Am Shihata ya ɗauko Amarya a ƙirjinsa yana ta salati, ya kwantar da ita a kan tebur, ya yaye mayafin, ya koma gefe yana murza hannu. Ustaz Rafat ya haɗa wayoyi yana leƙen littafin da ya zo da ita a kaikaice, wai kada a ce yana dubawa. Ya murɗa.

Shiru. Sai wani ɗan ƙara siriri. Sai ga shi.

Zaren haske kore, miƙaƙƙe sar, daga wuyan kwalbar ya ratsa cikinta, daga hagu zuwa dama. Wallahi tsigar jikina ta tashi, ni da na ɗauka babu abin da zai ƙara burge ni a ginin nan. Yaran da ba sa yin shiru ko a jana'iza suka yi tsit. Na dubi Ustaz Rafat, na ga bakinsa a buɗe. Abin da ya zana da alli tun gashinsa na baƙi ne yau yake kallo ido da ido, kuma a wannan ɗan lokacin har tausayinsa na ji. Am Shihata kuwa hawaye yake sharewa da bakin hannun riga, yana cewa, “Masha Allah, ashe haka kike.”

Da a nan aka tsaya da kowa ya koma gida da mutuncinsa. Amma malamin zane ya ce, “Ya Ustaz, ina ɗauka fa,” sai Ustaz Rafat ya tuna ko shi wane ne.

Ya zo gaban teburin, ɓangaren yara, ya ɗaga sandar maganaɗisu mai kai biyu, ja da shuɗi. Ya ɗaga yatsun nan uku.

“Ku buɗe ido, jakuna. Ƙarfin zai fito daga jan kan nan, ya ratsa kwalbar ya nufi allo. Ga manuniya. Wuta kuma ga ta kuna gani, hagu zuwa dama. Ga na tsakiya. Babban yatsana ina ya kalla?”

“Sama!”

“Ban ji ba.”

“Samaaa!”

“To sama za ta yi, ko ta so ko ta ƙi.”

Ya matso da jan kan a hankali, yana kallon wayar malamin zane da rabin fuska. Zaren ya lanƙwashe cikin ladabi, ya yi ƙasa.

Ya janye, zaren ya miƙe. Ya sake matsowa, ya sake yin ƙasa. Ya dubi yatsunsa, ya dubi kwalbar, ya sake ware yatsun da ƙarfi har suna rawa, kamar ita kwalbar ce ba ta gani da kyau ba. Ya matso. Ƙasa.

Daga can bayan ɗaki wani yaro ya ce, “Ya Ustaz, ko ba ta jin Larabci ne?”

“Ka yi mata da Jamusanci!”

Ɗakin ya ɓarke. Ni kuwa na riga na gane, ba don na fi shi sani ba, sai don ba ni ce a gaban waya ba. Abin da ke gudu cikin kwalbar nan ilektaron ne, ƙwayoyin lantarki, kuma su kullum kishiyar kibiyar littafi suke bi. Tun can farko masana suka yi canki-canka a kan inda wuta ke dosa, suka canki kuskure, da gaskiya ta fito kuma suka ji kunyar gyarawa, aka bar kibiyar a haka har yau. Ka ga ke nan rashin janye magana gado ne a gidan su Ustaz Rafat. A allo ya san wannan sarai, ya sha zane yara a kai. Amma a allo kibiya yake zanawa da hannunsa. Yau da ya ga haske na tafiya dama da idonsa, sai yatsansa ya bi shi, alhali hagu ya kamata ya nuna. Kwalbar ba ta yi laifin komai ba, ƙasan ne daidai.

Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya. “Ustaz, ilektaron ne. Juya na tsakiyan.”

Na ga lokacin da maganar ta shige shi. Kunnuwansa suka yi ja. Kalma biyu kawai ake nema a wurinsa, ya ce na manta, a yi dariya a wuce, yaran ma da ba za su taɓa manta darasin ba har su mutu. Sai ya dubi wayar da ke sama da kanmu.

“Abla Tahani,” ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “na taɓa shiga ajinki na gyara miki gishirinki?” Ya ajiye maganaɗisun a tebur. “Kwalbar nan ta lalace. Danshi ya shige ta. Abin da muguwar ajiya ke jawowa ke nan.”

An naɗe tabarmar kunya da hauka, kuma a kan tsoho aka naɗe ta. Am Shihata ya nemi kujera bai samu ba, ya zauna a ƙasa kusa da kabad ɗinsa. Hedimasta ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya rubuta cewa an samu kayan a lalace a hannun mai ajiya. Irin kwalbar nan ba a sayar da ita da fam, sai kuɗin Turai, kuma ko Am Shihata zai sayar da kansa ba zai kai kuɗin wuyanta ba.

Na bi hedimasta har ofis ina masifa. Ya saurare ni yana ɓare gyaɗa.

“Ya Abla, ki fahimce ni. Mai fiziks ya ce ta lalace, mai kemistiri ta ce ba ta lalace ba. Ni tarihi na karanta. Sai dai a rubuta wa gunduma su turo kwamiti.”

“Yaushe za su zo?”

“Na rufin banɗaki da muka nema, ɗana na fari yana goye a lokacin. Yanzu yana soja.”

Don haka babu ƙofa sai ta Ustaz Rafat. Na same shi a ɗakin malamai shi kaɗai, yana cin burodi da wake, yana yi kamar bai ga shigowata ba.

“Ka ji tsoron Allah, Rafat.”

“Ustaz Rafat.”

“Ustaz ɗin ya faɗi ƙasa tare da hasken. Tsohon nan da bakinsa ya roƙe ka. Ka san lafiyarta ƙalau.”

“So kike in tsaya gaban yaran da iyayensu ke biya na darasin gida in ce na manta ilektaron? Gobe wa zai kawo mini ɗansa? Ni ma ina da iyali, Abla.”

“Shi a bishiya ya tsiro? To saurara. Bidiyon nan yana wayar malamin zane, kuma ka san bakinsa da wayarsa babu mai marfi. Duk malamin fiziks da ya gani daga nan har Aswan zai gane wanda ya lalace, kai ko kwalbar. Masu zaɓen sufeton ma ai fiziks suka karanta.”

Ya daina tauna. Na fita ina jin na yi nasara, na ɗauka gobe zai zo ya janye maganarsa. Wautata ke nan, na manta da wa nake yi.

Washegari ya iso da jaka. A ciki akwai sukudireba, da safar hannu, da na'urar busar da gashin matarsa. Ya sanar cewa bai iya barci ba saboda tausayin Am Shihata, don haka zai gwada gyara kwalbar da kansa, kodayake ko a Jamus sai manyan injiniyoyi ke taɓa ta. Ya kulle kansa a ɗakin. Muna tsaye a baranda muna jin ƙugin na'urar busar da gashi, can a ji ƙwas-ƙwas ana ƙwanƙwasa tebur da sukudireba. Duk ƙwas ɗaya sai Am Shihata ya runtse ido. Kafin a buɗe ƙofa, malamin zane ya gano cewa bidiyon jiya ya goge da kansa, kuma a ranar aka gan shi da sabon kwalin sigari mai tsada.

Aka sake tara yara, aka ja labule, zaren ya fito kore kamar jiya. Ustaz Rafat ya ɗaga maganaɗisun ya nuna wa kowa jan kan, har ya sa hedimasta ya taɓa. Bai ɗaga yatsu ba a wannan karon.

“Jiya ina muka ce za ta yi?”

“Sama!”

Ya matso da jan kan. Zaren ya yi sama.

Ihu, tafi, buga tebur. Babu wanda ya lura cewa yau ta bayan tebur ya tsaya, ɓangaren allo. Jan kan dai shi ne, amma daga ɗaya gefen ya zo, ƙarfin ya ratsa kwalbar ta kishiyar hanya, dole zaren ya juya. Ko jiya da ya zagaya da hakan za a gani, ba sai an ɓata wutar busar da gashi ba. Abin haushin ma, sabon bidiyon babu kuskure ko ɗaya a cikinsa, kowane masani ya gani sai ya gyaɗa kai. Yaran kuwa babu abin da ya same su, don namu ba sa haɗa abin da suka gani da abin da za su rubuta a jarrabawa, littafi suke haddacewa.

Hedimasta ya yage takardar jiya ya rubuta sabuwa, ya karanta a gaban kowa. Kwalbar ta lalace saboda danshi a wurin ajiya, Ustaz Rafat ya gyara ta da hazaƙarsa, bai karɓi ko sisi ba, saboda haka babu biya a kan mai ajiya. “Am Shihata, zo ka sa hannu. Kuma ka gode wa wanda ya fitar da kai.”

Jinina ya tafasa. Na buɗe baki zan ce a ba ni maganaɗisun nan in tsaya inda ya tsaya jiya, sai na ji an ja igiyar jakata ta baya. Am Shihata ne. Bai dube ni ba, ya dai girgiza kai kaɗan, ya wuce. Ya sa hannu a ƙasan kalmar danshi. Sannan ya yi ɗage, don Ustaz Rafat ya fi shi tsawo, ya kama kan Ustaz ɗin da hannu biyu ya sumbaci goshinsa a gaban yara. Shi kuma gogan ya dafa kafaɗarsa yana cewa babu komai, ai ɗan Adam ajizi ne, a dai riƙa kula. Ban taɓa jin na tsani mutum kamar a wannan lokacin ba, kuma ban taɓa jin kunyar tsayawa a ɗaki kamar wannan ba.

Kujerar sufeto dai ta samu mai ita, Ustaz Rafat. Takardar sallamar Am Shihata ma ta fito a kan kari, sai dai daga ranar ya daina tsayar da mutane shan shayi.

Ranar da zai tafi na tarar da shi a bakin ƙofar makaranta yana jiran ƙaramar bas, riƙe da leda mai butar shayinsa da sallaya. Na ce masa ban yafe masa jan jakar nan ba.

Ya yi ɗan murmushi. “Ya Abla, na gan shi ai. Ranar farko ta gaba ya tsaya, rana ta biyu ta baya. Ban san karatunku ba, amma ba makaho ba ne ni.”

“To me ya sa ka hana ni?”

“Ki yi magana, ya ce a'a, a kira kwamiti, in mutu ina jira? Shi gobe sufeto ne, ke kuma a ƙarƙashinsa za ki ƙarasa aiki. Takardar nan dole sai an rubuta sunan wani a kanta, nawa ne mai arha.”

Bas ta taho, yaron mota na kiran unguwarsu. Ya ɗauki ledarsa, ya taka, sai ya dawo. Ya duba hagu da dama, ya matso.

“Abu ɗaya kawai, 'yata, don Allah kada ki rufe ni. Ranar farkon nan, da ta yi ƙasa. Ƙasan ne daidai?”

“Ƙasan ne daidai, Am Shihata.”

“Ba danshi?”

“Ko ɗigo.”

Ya rufe fuska da hannu ɗaya, kafaɗunsa suna girgiza, ban san ko dariya yake ko kuka ba. Direba ya danna oda. Ya share ido, ya sa ƙafa a bas ɗin, ya waiwayo.

“Alhamdu lillahi. To ki bar shi tsakaninmu, kada Ustaz ya ji ya ɓata rai.”